Gurbi ɗaya da ake bari babu harsashi: labarin gyaran tsohuwar bindigar kaboyi, da abin da ya shafe mu iyaye mata

Na san za ki yi mamakin ganin maganar bindiga a shafin da muka saba tattauna zazzaɓin yara da abincin yaye. Ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni, ɗana ne ya jawo zancen.

Wata ranar Asabar na dawo daga aikin dare, na tarar da babban ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya ɗauki wayata yana kallo. Na leƙa, sai na ga wani dattijo Bature mai furfura a cikin shagonsa a Amurka, yana goge wata tsohuwar ƙaramar bindiga irin wadda muke gani a fina-finan kaboyi. Har na kai hannu zan karɓe wayar, sai yaron ya ce, "Umma, duba. Ramuka shida gare ta, amma harsashi biyar ya saka. Ya manta ne?"

Ban san amsa ba a lokacin. Na karɓe wayar dai, amma tambayar ta tsaya min a rai, na shafe makonni ina karatu a kai in na samu sarari. Abin da na tarar ya haɗu da wani abu da na taɓa gani da idona a wurin aiki, shi ya sa na ga ya dace in kawo miki.

Wace irin bindiga ce?

Iyayenmu suna kiranta libarba. Ƙaramar bindiga ce ta riƙewa da hannu ɗaya, a tsakiyarta akwai wata 'yar ganga mai ramuka, galibi shida, kowane rami na ɗaukar harsashi ɗaya. Duk harbi sai gangar ta juya ta kawo sabon harsashi daidai bututu. A bayanta akwai 'yar guduma mai tsini, ita ke bugun gindin harsashi ya tashi in an ja kunama.

Wani Ba'amurke, Samuel Colt, ya yi rajistar irin wannan ƙira a 1836. A 1873 kamfaninsa da ke Hartford ya fitar da wadda ta fi kowace suna, rundunar sojan Amurka ta karɓe ta, makiyaya da 'yan sanda da 'yan fashi na yammacin ƙasar su ma suka rungume ta. Ita ce bindigar kaboyi. Kafin kowane harbi sai mutum ya ja gudumar baya da babban yatsa. An daina ƙera ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma da fina-finan kaboyi suka mamaye talabijin, jama'a suka yi ta nema, kamfanin ya dawo da ita a 1956. Shekara ɗaya kafin nan, a 1955, wani kamfanin mai suna Ruger ya fitar da tasa mai kama da ita, wadda ya kira Blackhawk.

Tsofaffin waɗannan bindigogi suna nan da yawa a hannun mutane. Waɗanda ba a taɓa ba, masu tara kayan tarihi ne ke saye da tsada su ajiye. Waɗanda suka sha jiki kuwa, suka yi tsatsa ko suka saki, su ake kai wa maƙera na musamman a mayar da su kayan aiki.

Wane aiki ake yi da su?

Ki kwatanta makiyayi a jihar Montana ko Wyoming, yana da gandun kiwon da sai ya wuni a kan doki ko a mota bai zagaye shi ba. Yana gyaran shinge, yana duba shanu, hannayensa biyu duk suna cikin aiki, doguwar bindiga za ta takura shi. Sai ya rataya ƙarama a ƙugu cikin kube na fata. Da ita yake kashe macijin nan nasu mai kacau-kacau a jela, ya kori karen dajin da ke ɗauke 'yan maruƙa da tumaki, ko ya hutar da dokin da ya karye a inda babu likitan dabbobi. A Alaska kuma masu kamun kifi da masu yi wa mafarauta jagora suna ɗaukar ta saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata wadda kan far wa mutum. Suna son libarba domin kayan cikinta ba su da yawa, kuma ba ta cika maƙalewa ba.

Gyare-gyaren da maƙeri ke yi kusan sanannu ne. Yakan rage tsawon bututu don kada ya riƙa dukan sirdi ko kujerar mota. Sojojin Amurka ma sun yi haka a shekarun 1890, suka yanke bututun nasu daga inci bakwai da rabi zuwa biyar da rabi. Yakan canza abin saiti, domin na asali ɗan tsagi ne siriri da ido ba ya gani sosai da magariba. Yakan sassaƙa sabon mariƙi na itace ko ƙaho daidai tafin hannun mai ita. Wani lokaci ya sake ganga da bututu gaba ɗaya don ta ɗauki wani girman harsashi. Sai ya ɗaure duk inda ya yi lako-lako, ya sake mata baƙin fenti na ƙarfe don kare tsatsa. Daga ƙarshe ya tausasa kunama ta yi laushin ja. Ki riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Sana'a ce mai zaman kanta. Hamilton Bowen na jihar Tennessee har littafi ya rubuta a kanta a 2001. John Linebaugh na garin Cody a Wyoming ya yi suna wajen cire ganga mai rami shida ya sa mai rami biyar, don ƙarfen da ke tsakanin ramukan ya yi kauri ya jure babban harsashi. Mutum kan kai tasa ya jira watanni, wani lokaci shekaru, kafin layi ya zo kansa.

Mutumin da ta fashe wa a hannu

Duk masu wannan sha'awa suna ambaton Elmer Keith, makiyayi kuma marubuci da aka haifa a 1899, ya yi yawancin rayuwarsa a Montana da Idaho, ya rasu a 1984. A shekarun 1920, yana saurayi, ya ɗura wa wata tsohuwar Colt albarushi da dalma mai nauyin da ya fi ƙarfinta, ta fashe masa a hannu. Allah ya yi da sauran kwanansa. Daga nan ya koma amfani da harsashi mai ɗan ƙanƙanta, don ya samu ƙarfe mai kauri a jikin gangar. Shi da wani abokinsa daga Philadelphia suka sa maƙera suka haɗa masa wata bindiga da aka sake wa mariƙi da saiti, wadda ake kira Lamba Biyar, ya yi rubutu a kanta a 1929. Har yau maƙera na kwaikwayon ta. Gwaje-gwajensa ne kuma suka taimaka aka fitar da harsashin nan mai ƙarfi, .44 Magnum, a tsakiyar shekarun 1950.

Bindigogin farko an yi su ne don albarushin gargajiya mai hayaƙi. Na zamani ya fi shi matsi nesa ba kusa ba, kuma kamfanin Colt bai lamunce a yi amfani da shi a wannan bindiga ba sai wajen 1900. Saboda haka maƙerin kirki, kafin ya taɓa komai, sai ya duba shekarar da aka ƙera ta da lafiyar ƙarfen. Wata yakan mayar wa mai ita ya ce a rataye a bango, ta gama aiki.

Amsar tambayar ɗana

Dattijon bai manta ba. A tsohuwar ƙirar, in gudumar na kwance, tsininta na kan gindin harsashin da ke gabanta, ko kuma wani ɗan siririn maƙali ne kawai ke riƙe da ita. In bindigar ta faɗi a kan gudumar, ko ƙarfen likkafa ya buge ta, sai ta tashi ba tare da kowa ya taɓa kunama ba. Shi ya sa masu hankali tun zamanin da suke ɗura biyar, su kwantar da gudumar a kan ramin da babu komai.

Waɗanda suka yi sakaci sun gani. A watan Janairun 1876, wata jaridar garin Wichita ta ba da labarin Wyatt Earp, ɗan sandan nan da daga baya aka yi ta fina-finai a kansa. Yana zaune ya kishingiɗa a kujera, bindigarsa ta zame daga kube ta faɗi, ta tashi, harsashin ya huda rigarsa ya wuce. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1972, wani mutum a Alaska yana cikin motarsa yana cire harsasai daga irin wannan bindiga ƙirar Ruger, ta suɓuce masa, ya kai hannu zai cafe, ta harbe shi a ƙafa. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙolin jihar a 1979.

A 1973 kamfanin Ruger ya sake fasalin bindigoginsa, ya sa wani ɗan sandan ƙarfe tsakanin guduma da harsashi. In ba a ja kunama har ƙarshe ba, ƙarfen ba ya tasowa, bugun ba ya isa ga harsashi ko da an yar da bindigar. Tun farkon shekarun 1980 kuma kamfanin ke karɓar tsofaffin ya sa musu wannan kariya kyauta, ya mayar wa mai ita tsofaffin kayan a leda. Duk cikin gyare-gyaren da na karanta, wannan ne kaɗai aka yi don ceton rai, kuma ba a biyan ko sisi. Duk da haka akwai masu ƙin kai tasu, wai laushin kunamar zai canza.

Kunama mai laushi da yatsan yaro

Na ce miki ki riƙe maganar kunama. Maƙeri kan tausasa ta har ta koma abin da bai wuce nauyin kilo ɗaya da rabi ba, wato kamar babbar robar ruwa guda. Babba yana son haka don hannunsa kada ya girgiza wajen saiti. To, a 1995 likitocin yara a Amurka sun auna ƙarfin yatsun yara, suka tarar cewa ɗaya cikin huɗu na 'yan shekara uku zuwa huɗu zai iya jan nauyin kilo huɗu da rabi da yatsu biyu. A 'yan shekara biyar zuwa shida, bakwai cikin goma za su iya. Ki dubi ɗan autanki da ke jan bokiti a tsakar gida, ki yi lissafi.

Wataƙila ki ce ai naki yana jin magana. A 2001 an wallafa wani gwaji da aka yi a Atlanta da yara maza 64, 'yan shekara 8 zuwa 12. Aka raba su rukuni 29, aka bar kowane rukuni a ɗaki na ɗan lokaci, an ɓoye bindiga ta gaske a aljihun tebur, an cire mata abin da zai sa ta tashi. Rukuni 21 suka gano ta. A 16 daga ciki yara sun ɗauke ta, a 10 kuma har an ja kunama. Fiye da tara cikin goma na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. A 2020, harbin bindiga ya zama kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, ya wuce haɗarin mota. Ƙasar da ta fi kowa iya gyaran bindiga ke nan.

Mu fa, ina ruwanmu?

Libarba dai ba ta gidajenmu ba ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ta cikin jerin makaman da aka haramta, ba mai mallakar ta sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ma, wadda maƙeranmu ke yi, doka ta sa lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. In ɗanki ya fara sha'awar abin da yake gani a waya, ki sanar da shi wannan tun da wuri.

Amma tsohuwar bindiga a cikin gida ba baƙuwarmu ba ce. Akwai gidan maharba da suka gada kaka da kakanni. Akwai manomin da ke korar birai da gadu daga gona. Akwai masu buga ta ranar hawan sallah. Rashin tsaron shekarun nan kuma ya sa maza da yawa a ƙauyuka sun shiga aikin sa-kai da sintiri. Da yawa cikinmu mun san inda take a gidanmu ko gidan surukai: bayan ƙofa, ƙarƙashin katifa, ko rataye a ƙusa a ɗakin maigida.

Shekaru kaɗan da suka wuce, ina aikin dare a sashen agajin gaggawa, aka kawo mana yaro ɗan shekara tara daga wani ƙauye, lokacin kaka. An naɗe cinyarsa da zanen mahaifiyarsa, zanen ya jiƙe sharkaf. Yayansa ɗan shekara goma sha biyu ne ya taka turmi ya sauko da bindigar tokar babansu daga bango, zai nuna masa yadda ake riƙewa. Uban yana tsaye a bakin ƙofa yana ta maimaita magana ɗaya: "Wallahi shekara biyu ban harba ta ba." Gaskiya ya faɗa. Sai dai shekara biyun nan a ɗure take. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba a gane tana da ciki da ido, kuma albarushin da ya samu busasshen wuri ba ya mutuwa don ya daɗe.

Aka yi wa yaron ƙarin jini, likitoci suka shiga da shi tiyata, ya rayu, ya fita yana ɗingishi. Wanda na kasa mantawa shi ne yayan. Kwana uku yana zaune a ƙasa gefen gado, ko ruwa sai an matsa masa. 'Yan dubiya suna shigowa suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Uwar ba ta musa musu ba, amma da muka keɓe ina canza wa yaron bandeji, ta ce min, "Malama, kullum ina share ɗakin nan ina ganinta. Ban taɓa tambaya ba."

Abin da za ki iya yi yau

Ki tambaya. Na san ba kowane maigida ke son a sa masa baki a kayan aikinsa ba, don haka ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa. Kada ki fara da laifi. Ki ce, "Baban yara, yaran nan sun fara tsawo, hannunsu na kai wa ko'ina. Waccan ta bango, akwai abu a cikinta?" In ba zai ji daga bakinki ba, ki bi ta wajen mahaifiyarsa ko wani babban wansa da yake jin nauyi.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya duba gidajen da yaro ya yi harbi da gidajen da ke da bindiga amma ba a yi ba, ya gano abubuwa huɗu da kowannensu ke rage haɗari. A ajiye bindiga babu komai a cikinta. A kulle ta. A kulle harsashi. A raba wurin ajiyarsu. A wajenmu wannan na nufin akwatin ƙarfe da kwaɗo, makullin a jikin maigida, ba a ƙarƙashin filo ba. In ta toka ce, ya juye ta a daji inda babu mutane kafin ya shigo gari, albarushin kuma ya zauna a wani wuri dabam nesa da murhu. Saman bango ko saman sif ba ma'aji ba ne, yaro na da turmi da kujera.

In bindigar ta tsufa, ta yi tsatsa ko ta tsage, ki roƙe shi ya daina harba ta, kada kuma ya ƙara mata albarushi wai don ta ƙara ƙarfi. Mun sha karɓar maza da yatsu a tarwatse saboda bututu ya fashe. Abin da ya samu Keith da ƙarfen kamfani, ya fi sauƙin samun mai ƙarfen famfo.

In yaranki na zuwa hutu ƙauye ko gidan kawu, ki tambayi matar gidan kamar yadda za ki tambaya ko rijiya na da murfi. Yaran kuma ki koya musu: in sun gani, kada su taɓa, su fita, su kira babba. Ki koya musu, amma kada ki dogara da hakan. Yaran Atlanta ma an koya musu.

In kuma abin ya faru, Allah ya kiyaye, ki samu tsumma mai tsabta ki danne raunin da ƙarfinki duka, kada ki ɗaga don dubawa. In ya jiƙe ki ɗora wani a kai ki ci gaba da dannewa. Kada a zuba toka, ƙasa, kananzir ko garin magani, kada kuma a tona neman dalma. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin wataƙila a yi masa tiyata. A kwantar da shi, a rufe shi da mayafi, a nufi asibiti mafi kusa nan take. Kada a tsaya neman takardar 'yan sanda. Tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Sanar da 'yan sanda aikin asibitin ne. Yaron da na ba ki labari, danne cinyar da uwarsa ta yi tun daga ƙauye har asibiti na cikin abin da ya cece shi.

Na koma wa ɗana da amsarsa bayan kusan wata guda. Na ce masa dattijon ya bar rami ɗaya ne saboda ya san bindigar na iya tashi ko ba a taɓa ta ba, kuma duk iyawarsa bai yarda da hannunsa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ta ɗakin Kaka fa, wadda ke bayan buhunan gero?" Ban san ya san da ita ba. A daren na kira mahaifina, kuma kafin hutun da ya biyo baya an saya mata akwati da kwaɗo.

Ke ma ki tambayi naki yaran abin da suka sani. In kin taɓa shawo kan maigida ko suruki a irin wannan magana, ki faɗa mana yadda kika yi a ƙasa, wata 'yar'uwar na neman hanyar da za ta fara.